Sautin Shaida a Gaban Kotu: Wace Irin Kwamfuta Ake Bukata?

Duk wanda ya saba kallon finafinan 'yan sandan ciki na ƙasashen waje ya san wannan yanayi. Za a kawo wata murya da aka naɗa a cikin hayaniya, wadda ko kalma ɗaya ba a fahimta, sai wani saurayi ya zauna gaban wata ƙatuwar kwamfuta mai fitilu, ya danna maɓalli biyu ko uku, nan take hayaniyar ta kau, a ji muryar mai laifi tangaram yana faɗin inda ya ɓoye kayan sata. Wani ɗalibina ya taɓa tambayata ko nawa ne kuɗin irin wannan kwamfuta, kuma me ya hana hukumominmu sayenta. Na amsa masa da cewa babu irinta a duniya, kuma matsalar ba ta kuɗi ba ce.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, aikin tace sautin da za a gabatar a matsayin hujja ba ya bukatar kwamfuta mai ƙarfin gaske. Ana bukatar kwamfuta matsakaiciya mai aminci, da kayan da ke kewaye da ita waɗanda aka fi mantawa da su, sa'an nan uwa uba kunnen da aka horar. Maganar tana da nauyi, domin saƙon murya guda na iya kai mutum kurkuku ko ya wanke shi, kuma hukumar da ta ƙarar da kuɗinta a kan ƙyale-ƙyale ta bar tushe, to ta sayi hanyar yin zalunci cikin rashin sani.

Mai karatu na iya cewa me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan malamin ilimin halittu da batun kwamfuta da kotu? Dalilin shi ne murya daga maƙogwaro take fitowa, a kunne kuma take ƙarewa, duk abin da ke tsakaninsu ɗan aike ne kawai. Ban da haka, masu nazarin kukan tsuntsaye da na kwaɗi da na jemagu suna amfani da irin kayan aikin da masu binciken laifi ke amfani da su, matsalolinmu kuwa iri ɗaya ne: iska, da nisa, da hayaniya.

Bari mu yi lissafi

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Makirfo yana mai da wannan girgiza ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka. Ita kuwa kwamfuta ba ta san komai ba sai lambobi, saboda haka dole a riƙa auna tsawon wannan hawa da sauka sau da yawa a cikin kowane sakan, ana rubuta kowane awo a matsayin lamba. Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa ga Harry Nyquist, wanda ya yi rubutu a kanta a 1928, da Claude Shannon wanda ya bayyana ta filla-filla a 1949. Ƙa'idar ta ce, in ana son kama wani sauti ba tare da ya gurɓata ba, sai yawan awon ya zarce ninki biyu na yawan girgizarsa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sautin da ke girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Wannan ya sa faifan CD ke ɗauke da awo 44,100 a kowane sakan.

Kowane awo a faifan CD yana cin bit 16, wato bait 2, kuma ana naɗa hanya biyu, ta kunnen dama da ta hagu. Idan ɗalibi ya ninka 44,100 sau 2, ya sake ninkawa sau 2, zai sami bait 176,400 a sakan. Minti ɗaya ya kama megabait 10 da ɗoriya, awa ɗaya kuma megabait 635. A ɗakunan bincike akan ƙara inganci zuwa awo 96,000 da bit 24, abin da ke ba da bait 576,000 a sakan, ko kimanin gigabait 2 a awa. Ke nan rumbun ajiya mai terabait 1 zai ɗauki sama da awa 480 na irin wannan sauti mafi inganci.

Mu kwatanta da hoton bidiyo. Hoto guda mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, kowane ɗigo da bait 3 na launi, ya haura megabait 6. In ana nuna hoto 25 a sakan, an kai megabait 155 kafin a matse shi. Wannan ya ninka sautin CD kusan sau 880. Ashe ke nan wayar hannun da ke nuna bidiyo ba tare da sarƙewa ba, ta riga ta fi ƙarfin nauyin sauti nesa ba kusa ba.

To, ina batun lissafin da ake yi wajen tacewa? Yawancinsa ya dogara ne kan rarraba sauti zuwa girgizoginsa daban-daban, daga masu kauri zuwa masu siriri, domin a zana hoton sautin a kan allo ko a rage wani ɓangare nasa. Hanyar yin wannan lissafi cikin sauri James Cooley da John Tukey suka wallafa ta tun 1965. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan suka ƙirƙira, kuma masana furuci ke amfani da ita a ko'ina, ta fara aiki tun cikin shekarun 1990 a kan kwamfutocin da wayar ɗan sakandare ta yau ta fi su ƙarfi. Kyauta ake samunta, haka ma Audacity wadda ta fito a 2000. A ganina, kwamfuta ta zamani mai ma'ajiyar aiki ta gigabait 16 da rumbun ajiya mai sauri ta wadatar ga mai bincike guda.

Ina ya kamata kuɗin su tafi?

Na farko shi ne ƙofar da sauti ke shiga. Idan hujjar tana kan kaset ce, kamar yadda ake samu a tsofaffin shari'o'i da taskokin gidajen rediyo, to sai an sami rikoda mai lafiya wadda ke juya zare daidai wa daida, an kuma saita kanta ya dace da yadda aka naɗi kaset ɗin tun farko, in ba haka ba siraran sautuka za su dushe. Daga nan sai na'urar da ke mai da sautin lambobi. Wadda ke cikin kwamfuta tun daga kamfani tana zaune ne cikin tarin wayoyi da ke watsa hayaniyar lantarki, don haka ya fi kyau a sayi ta musamman da ake ajiyewa a waje. Kowane bit yana ƙara kimanin desibel 6 ga tazarar da ke tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi da za a iya riƙewa. Bit 16 na ba da desibel 96, bit 24 kuma 144 a lissafi, ko da yake babu na'urar da ke kaiwa can a aikace. Amfanin wannan rarar shi ne, raɗar da aka yi a bayan ɗaki ba za ta nutse ba idan aka zo ƙara mata ƙarfi.

Na biyu shi ne kare asalin hujja. Ba a taɓa yin aiki a kan asali, kwafi ake yi. Akwai wata 'yar na'ura da ake sawa tsakanin kwamfuta da katin ajiyar da aka kama, aikinta ta bar kwamfuta ta karanta, ta hana ta rubuta ko da bait ɗaya. Bayan an kwafa sai a lissafa hatimin fayil ɗin. Hanyar da ake kira SHA-256 tana fitar da jerin alamomi 64, kuma in aka sauya ko da bit ɗaya a cikin fayil, jerin zai birkice gaba ɗaya. Da wannan ne mai bincike zai nuna wa alƙali cewa abin da ya saurara shi ne abin da aka kama. A Nijeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da hujjar da ta fito daga kwamfuta, amma da sharuɗɗa, daga cikinsu akwai nuna cewa kwamfutar tana aiki yadda ya kamata a lokacin. Doka ba ta tambayi saurin kwamfuta ba, amincinta ta tambaya. Saboda haka ajiye kwafi biyu ko uku a wurare daban-daban, da raba kwamfutar bincike da intanet, sun fi muhimmanci a kan ƙarin sauri.

Na uku shi ne wurin sauraro. Kwamfuta mai ƙarfi tana zafi, zafi kuma na bukatar fanka, fanka kuwa ƙara take yi. Wanda ya ajiye irin wannan inji kusa da kunnensa yana neman raɗa a cikin kaset, ya sayi abokin gaba da kuɗinsa. Ana bukatar ɗaki shiru, nesa da janareto da titi, da lasifikar kunne wadda ba ta ƙara wa sauti armashi. Waɗanda ake sayarwa don jin kiɗa an ƙera su ne su ƙara kaurin ganga, wato suna sauya abin da aka ba su, alhali mai bincike yana son ya ji shi yadda yake.

Na huɗu shi ne wutar lantarki. Ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafar hujja na iya lalata fayil, haɗa wayoyi barkatai kuma na shigar da gurnani cikin sauti. Batirin ko-ta-kwana da wayar ƙasa da aka dasa da kyau ba su da kwarjini a takardar neman kuɗi, amma in babu su sauran kayan ado ne.

Darasi daga Amurka da Ingila

A badaƙalar Watergate ta Amurka, an gano cewa wani zaren rikoda na ranar 20 ga Yuni, 1972, mai ɗauke da hirar Shugaba Richard Nixon da shugaban ma'aikatansa H. R. Haldeman, yana da giɓi na minti 18 da rabi, inda babu komai sai gurnani. A ƙarshen 1973 Mai Shari'a John Sirica ya ɗora wa ƙwararru shida aikin bincikar zaren. Babban abin da ya taimake su wani ruwa ne mai garin ƙarfe da suka shafa, wanda ya fito da tabon da kan rikoda ke bari duk lokacin da aka kunna ko aka kashe. A rahotonsu na 1974 sun nuna cewa an goge wurin aƙalla sau biyar daban-daban, da wata rikoda samfurin Uher 5000. Sun iya tabbatar da cewa an yi gogewa, amma ba su iya dawo da maganar ba. A 2003, bayan kwamfutoci sun ninka ƙarfinsu ba adadi, Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Amurka ta sanar da cewa gwaje-gwajen da aka yi don neman hanyar dawo da ita ba su yi nasara ba. Abin da aka shafe ya tafi.

Gurnanin da ya rage a wannan giɓi daga layin wutar lantarki ya fito, kuma daga baya irin wannan gurnani ya zama hujja mai zaman kanta. Wutar gida tana kai da komo sau 50 a sakan a Ingila da Nijeriya, sau 60 a Amurka, amma adadin yana ɗan hawa da sauka gwargwadon yawan masu jan wuta, kuma duk waɗanda ke kan layin ƙasa ɗaya sauyi iri ɗaya suke samu a lokaci ɗaya. Rikodar da ke kusa da wayar wuta takan ɗauki wannan gurnani. In akwai wanda ke rubuta sauyin dare da rana, za a iya kwatantawa a gane ranar da aka yi naɗin da sa'ar, a kuma gane in an yanke wani yanki. Wani masani ɗan ƙasar Romaniya, Catalin Grigoras, yana cikin waɗanda suka fara bunƙasa wannan hanya. 'Yan sandan birnin Landan sun fara adana irin wannan bayani tun 2005, kuma a 2012 an yi amfani da shi a wata shari'ar masu sayar da bindigogi a kotun Croydon, inda waɗanda ake tuhuma suka ce an yi wa sautin kwaskwarima, binciken kuma ya nuna ba a yi ba.

Na'urar da ke wannan aiki ƙarama ce, ba ta da tsada. Abin da take bukata shi ne agogo mai gaskiya da mutanen da ba za su bar ta ta tsaya ba shekara da shekaru. A ƙasarmu, inda wuta ke yawan ɗaukewa, gidaje da yawa kuma ke kan janareto ko hasken rana, hanyar za ta yi aiki ne kawai ga sautin da aka naɗa a kan layin ƙasa. Duk da haka aiki ne da sashen kimiyyar lantarki na kowace jami'a zai iya farawa, kuma bayanin ranar da ba a adana ba, babu kuɗin da zai sayo shi gobe.

Na'urar ƙarshe ita ce kunne

A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa. Georg von Békésy ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda ya nuna yadda kowane yanki na wannan katantanwa ke amsa irin nasa sautin, siraran sautuka a bakin shiga, masu kauri a can ƙurya. Wato kunne yana rarraba sauti tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta. Ƙwayoyin halitta masu gashi da ke wannan aiki kimanin 15,000 ne zuwa 16,000 a kowane kunne, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Shekaru da ƙarar da ta yi yawa suna fara cinye masu jin siraran sautuka, waɗanda su ne ke bambanta baƙaƙe. Don haka auna jin mai bincike lokaci-lokaci yana cikin jerin kayan aiki, daidai da auna rikoda.

Layin tarho na gargajiya yana wucewa ne da girgizar da ke tsakanin 300 da 3,400 kawai, alhali mafi yawan ƙarfin harafin "s" yana sama da haka. Wannan ya sa "sata" da "fata" ke iya rikita mai sauraro a waya. Fayil ɗin MP3 da aka saba gani ya kan rage girman sautin CD kusan sau 11, ta hanyar zubar da abin da aka lissafa cewa kunne ba zai lura da shi ba, saƙonnin murya na WhatsApp su ma a matse suke tafiya. Abin da aka zubar ba ya cikin fayil, kuma kwamfuta komai tsadarta ba za ta same shi a can ba.

Ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓin, a nan kuma haɗarin yake. Helen Fraser, masaniyar ilimin furuci a Ostareliya, ta yi gwaje-gwaje da sautin wata shari'a ta gaske, ta nuna cewa mutanen da ba su ji komai ba da farko, da zarar an gaya masu kalmomin da ake zargin an faɗa, sai da yawansu su fara jin su, har su tabbatar, ko da kalmomin ba daidai ba ne. Haka kuma a 1962 Lawrence Kersta ya yi da'awar cewa hoton muryar mutum tamkar zanen yatsansa ne, amma a 1979 wani kwamiti na Majalisar Binciken Kimiyya ta Amurka ya yi gargaɗin cewa ba a tabbatar da yawan kuskuren wannan hanya a yanayin bincike na gaske ba. Ɗalibin ilimin halittu ba zai yi mamaki ba. Zanen yatsa ba ya sauyawa, murya kuwa tana sauyawa da mura, da tsoro, da gajiya, da tsufa.

Abin da masu wani ra'ayi za su ce

Za a iya ƙalubalantata da cewa yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu gane mai magana da masu share hayaniya, kuma horar da su na bukatar katin sarrafa hoto mai tsada. Wannan gaskiya ne, kuma cibiyar da za ta tace dubban awoyi ko ta horar da manhaja da muryoyin Hausa tana da hujjar sayen babban inji. Tun da an kai ga ƙirƙirar muryar mutum ta bogi, bincike a wannan fanni ya zama wajibi. Sai dai a lura da abu biyu. Cibiya guda za ta iya yi wa ɗakuna da yawa wannan hidima. Sa'an nan wasu daga cikin waɗannan manhajoji suna sake gina maganar ne bisa abin da suka koya, wato suna iya fito da kalma tsaf wadda bakin wanda ake tuhuma bai furta ba. Hausa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali ke sauya ma'ana, kamar "gari" na zama da "gari" na tuwo, kuma manhajar da aka horar da Ingilishi ba ta san da wannan ba. Sautin da ya yi daɗi a kunne ya fi wanda ke cike da hayaniya saurin shawo kan mai sauraro, ko da na farkon ne mai ƙaryar.

Shawarata ga malamai ita ce su gwada wannan a aji. A naɗi wata jimla da waya a cikin hayaniyar kasuwa, a raba ɗalibai gida biyu, a gaya wa kashi ɗaya wata jimlar dabam mai kama da ita, ɗaya kashin kuma kada a gaya masu komai, sa'an nan kowa ya rubuta abin da ya ji. Sakamakon zai koyar da su fiye da abin da na rubuta a nan. Ga ɗalibai kuwa, duk wanda ke sha'awar wannan fanni kada ya jira babbar kwamfuta. Ta ɗakin kwamfutar makaranta ta isa a buɗe Praat, a furta wasulan nan biyar, a ga yadda hoton kowannensu ya bambanta. Ya riƙe lissafi da kimiyyar lantarki da ilimin halittu, ya ƙware a harshensa, ya kuma kiyaye kunnensa daga ƙarar iyafis.

Hukumomin da ke shirin kafa irin waɗannan ɗakuna kuma, ina roƙonsu su fara da horar da mutane da samar da ɗaki shiru da wuta mai ɗorewa da tsarin adana hujja, kwamfutar ta zo daga baya. Su kuma ɗauki mai binciken da zai iya tsayawa gaban alƙali ya ce wannan kalmar ba ta jiwuwa, ko da masu gabatar da ƙara ba su so jin haka ba. Allah ya sa mu dace.